Wuƙar "Vendetta" da gabar jini a Bahar Rum: da ita ake ɗaukar fansa?

Tambaya: Ƙanena da ke aiki a Faransa ya kawo mini tsarabar wata siririyar wuƙa mai naɗewa, ƙotarta ta farin ƙashi da zanen furanni. A gefe ɗaya na ƙarfen an rubuta "Vendetta Corsa", wato fansar jini ta Kosika, a ɗaya gefen kuma "Che la mia ferita sia mortale", wanda ya ce ma'anarsa "Allah ya sa raunin da zan yi ya zama ajali". Mai shagon ya gaya masa cewa da irinta mutanen Kosika da sauran tsibiran Bahar Rum suke ramuwar jini a da. Gaskiya ne? Kuma me ya sa suka yi suna a wannan gaba?

Amsa: Malam, sannu da wannan tambaya, Allah kuma ya saka wa ƙanen naka da alheri. Wuƙar da ya kawo maka tana da tarihi, sai dai ya sha bamban da wanda mai shago ya ba shi. Tun da tana hannunka, da ita za mu fara.

Buɗe ta, ka riƙe ƙotar, ka ɗora babban yatsanka a bayan ƙarfen ka danna a hankali. Idan irin wadda aka fi sayarwa ce, za ka ji ta fara komawa ciki, domin ba ta da makulli, wani ɗan ƙarfe mai tauri ne kawai a gadon bayanta yake tokare ta. Ni a gidan maƙera na tashi, kuma abin da ake fara gaya wa yaro game da wuƙa mai naɗewa shi ne kada ya soki abu mai tauri da ita, don da zarar tsinin ya ci karo da ƙashi ko katako, a kan yatsunsa za ta rufe. Mutumin da ya shekara biyu yana dakon wanda ya kashe ubansa ba zai jingina ransa da irin wannan ba.

Kuma asalinta ma ba Kosika ba ne. A tsakiyar Faransa akwai wani gari da ake rubuta sunansa Thiers, ana furta shi Tiyer, wanda ya yi ɗaruruwan shekaru yana ƙera mafi yawan wuƙaƙen ƙasar. Masu washi a garin a kwance suke aiki, rub da ciki a kan katako, dutsen washi yana juyawa a ƙarƙashinsu da ƙarfin ruwan kogin Durolle, kuma saboda tsananin sanyi kowa da karensa da ke kwanta masa a ƙafafu yana ɗumama shi. A hannun waɗannan mutane wuƙarka ta samo asali. Dalili kuwa wani littafi ne. A 1839 wani marubuci Bafaranshe, Prosper Mérimée, ya zagaya Kosika, a 1840 ya fitar da ƙagaggen labari mai suna Colomba, a kan wata budurwa da ta yi ta zuga yayanta har ya rama jinin mahaifinsu. Labarin ya karɓu ƙwarai, masu yawon buɗe ido suka soma zuwa tsibirin, kowa yana son ya koma gida da makamin 'yan fansa. 'Yan kasuwar tsibirin suka ga kasuwa ta buɗe, maƙeran Tiyer suka shiga ƙera musu wuƙa mai kama da ta gargajiya, mai naɗewa don ta shiga aljihu, suna rubuta mata kirari mai ban tsoro. A cikin shi kansa littafin kuwa, da bindiga mai baki biyu yayan budurwar ya kashe abokan gabarsu biyu.

Mutanen Kosika suna da wuƙaƙensu na ainihi, iri biyu. Akwai ta makiyayi, gajera mai kauri da ƙotar ƙaho, wadda yake yanka cuku da burodi da ita, ya feɗe ɗan akuya, ya sassaƙa sanda. Akwai kuma wadda suke kira stilettu, miƙaƙƙiya, ba ta naɗewa, baki biyu da dogon tsini, tana da kube, ana soke ta a cikin ɗamarar harsashi da suke ce wa carchera. Wannan ta biyun makami ce ba tantama, kuma ta sha jinin mutane. Amma ka lura da inda take zama: a ɗamarar harsashi. Bindiga tana kafaɗa, ita kuma 'yar rakiya ce. Daga ƙarni na 17, da bindigar toka ta bazu a ƙauyuka, kisan fansa ya koma na kwanton ɓauna. Mutum ya laɓe a bayan katangar duwatsu ko cikin ƙurmin da ke gefen hanya, ya jira abokin gaba ya taho daga gona ko daga coci, ya harbe shi, ya faɗa daji. Masana tarihin da suka bi takardun kotunan tsibirin na ƙarni na 19 abin da suka tarar ke nan: bindiga ce ta yi mafi yawan kisan.

To me ya sa gaba ta yi musu katutu haka? Amsar tana wajen masu mulki. Ɗaruruwan shekaru birnin Jenowa na Italiya ne yake riƙe da Kosika, kuma shari'arsa ta mai kuɗi ce. Wanda ya yi kisa yana iya samun afuwa ko takardar fita daga tsibirin idan yana da abin hannu ko uwa a gindin murhu. Talakan da aka kashe wa ɗa ya san idan ya kai ƙara iska za ta kwashe maganar, saboda haka danginsa ne kotunsa, su ne 'yan dokarsa. Adadin da ake yawan kawowa shi ne an kashe mutum sama da 28,000 tsakanin 1683 da 1715, wato kusan 900 a kowace shekara, a tsibirin da mutanensa ba su fi 120,000 da wani abu ba. Masana na baya-bayan nan suna ganin an zuzuta wannan lissafi don a muzanta mulkin Jenowa, ni ma haka nake gani, amma ko an raba shi gida goma abin da ya rage ya isa tashin hankali. Abin da ya fi ci mini rai shi ne gwamnatin da kanta take sayar da lasisin riƙe bindiga, tana cin kuɗinsa. A 1715, da mutanen tsibirin suka matsa da roƙo, ta haramta bindigogin, sai kuma ta ɗora wa kowane gida sabon haraji don ta maye kuɗin lasisin da ta rasa. Wannan haraji ne ya tayar da tawayen 1729 a yankin Boziu, tawayen da ya ɗauki shekara 40.

Pasquale Paoli, wanda ya shugabanci Kosika daga 1755 zuwa 1769, ya gane cewa ba a raba mutane da fansa sai an ba su alƙalin da za su yarda da shi. Ya sa hukuncin kisa a kan mai kisan fansa ko ɗan wane ne, a rushe gidansa, a kafa ginshiƙin tozarci a wurin. Kisa ya ragu a zamaninsa. Jenowa ta miƙa tsibirin ga Faransa a 1768, Faransa ta murƙushe Paoli a 1769, gaba kuma ta dawo. A 1853 gwamnatin Napoleon na Uku ta hana ɗaukar makami a tsibirin baki ɗaya, kisa ya sake raguwa a shekarun da dokar ta yi tana aiki. Waɗanda suka yi kisa suka shiga daji ana kiransu 'yan dajin mutunci, amma da yawansu ƙarshensu karɓar kuɗin dole daga 'yan kasuwa da manoma. A 1931 Faransa ta tura dakaru suka kakkaɓe su, a 1935 aka zartar wa André Spada, na ƙarshe cikin waɗanda suka yi suna, hukuncin kisa a Bastiya.

Idan kana son ka san abin da yake tura mutum ya yi kisa a wannan al'ada, ka bar kallon makami, ka shiga ɗakin makoki. An shimfiɗe gawa a kan tebur. Mata sun kewaye ta, sun saki gashi. Ɗaya daga cikinsu, ƙanwa ko mata ko uwa, ta fara waƙar makoki da suke kira voceru, tana ƙaga baitocin nan take, tana yabon mamaci, tana ambatar wanda ya kashe shi, tana kiran mazan gidan ɗaya bayan ɗaya. Rigar da ya mutu a ciki ba a wanke ta, adana ta ake yi da jininta, idan 'ya'yansa ƙanana ne a jira su girma a nuna musu. Mazan gidan su bar gemu, ba aski sai an rama. A toshe tagogi da katifu da bulo, a bar 'yar kafa daidai bakin bindiga. A aika wa ɗaya gidan da gargaɗin da kowa ya sani: "Ka tsare kanka, ni ma zan tsare kaina." Daga ranar gona ta zama wurin haɗari, wani lokaci mata ne kaɗai ke iya fita aiki, domin al'ada ta hana a taɓa su.

Wanda kuma ya yi jinkiri, akwai abin da ke jiransa, shi ne rimbeccu, wato gori. A wurin taro wani ya ce masa har yanzu jinin ubansa yana ƙasa, ko ya wayi gari ya ga an rataya tsumma mai jini a ƙofarsa. Kai Bahaushe ne, ba sai na gaya maka zafin gori ba. A tsaunukan arewacin Albaniya irin wannan gori da kofi ake yin sa: wanda bai rama jininsa ba, a miƙa masa kofi ta ƙarƙashin gwiwa a gaban jama'a. Saurayi nawa ne ba su da niyyar kashe kowa, amma zaman gari ya gagare su sai sun yi? Laifin da ke jawo duk wannan kuwa sau da yawa ƙarami ne: iyakar gona, dabba ta yi ɓarna, kare, bishiyar da gida biyu ke ja a kanta. Akwai wani da suke kira attacar, wato saurayi ya fizge wa budurwa ɗankwali a bainar jama'a. Daga ranar ba mai aurenta sai shi, danginta kuwa ko su ba shi ita ko su nemi ransa.

Duk da haka wuƙa tana da nata gurbi a cikin gaba, kuma gurbin shi ne farkon fitina. Bindiga sai an yi niyya, an koma gida an ɗauko, an ɗura. Wuƙa kuwa tana ƙugu a wurin biki, a wurin caca, a teburin giya, tsakaninta da hannu taƙi ɗaya. Marubutan tarihin birnin Fulorans na Italiya sun ruwaito cewa a wata walima wani ɗan barkwanci ya fizge faranti daga gaban wani baƙo, cacar baki ta tashi, wani saurayi mai suna Buondelmonte ya soki Oddo Arrighi da wuƙa a hannu. Manya suka shiga tsakani, aka ce a kashe wutar da aure, ya auri wata yarinya 'yar gidan Amidei, dangin wanda ya soka. Ya amsa, daga baya ya fasa ya nemi wata 'yar gidan Donati. Ranar bikin Ista na 1216 'yan gidan Amidei da magoya bayansu suka tare shi a bakin gadar Ponte Vecchio, suka kayar da shi daga kan doki da kulki, Oddo ya ƙarasa shi da wuƙa. Mutanen birnin daga wannan rana suke ƙirga rabuwarsu gida biyu. Wancan zamanin ba bindiga, wuƙa ce farko, ita ce ƙarshe.

Kwatanta da abin da ya faru a ƙauyen Vorizia na tsibirin Kirit a ƙasar Girka, cikin watan Agusta na 1955, ranar bikin wani waliyyinsu. An soki mai gadin daji da wuƙa a kan tsohuwar jayayya. Kafin gari ya waye an fito da bindigogi har da gurneti, mutum 6 sun mutu, 14 sun ji rauni. Wuƙa ce ta fara zubar da jini cikin fushi, sannan makaman da aka koma gida aka ɗauko suka shigo. A Aradena, can yankin Sfakia na wannan tsibiri, mutanen wurin suna ba da labarin yadda a 1948 rigima a kan ƙararrawar akuya ta ci mutum 7, waɗanda suka rage suka watse. Har yau ƙauyen kusan kufai ne a bakin wani kwazazzabo mai zurfi. Duk wanda ya karanta labarin yaƙin Basus, inda Bakar da Taglib suka shekara 40 suna kashe juna a kan raƙuma ɗaya, ba zai yi mamakin ƙararrawar akuya ba.

A tsibirin Sadiniya na Italiya wuƙa tana da wani aikin daban a cikin gaba. Makiyayan tsaunukan Barbagia suna da dokar fansa da ba a rubuce take ba, sai a 1959 wani masanin shari'a ɗan yankin, Antonio Pigliaru, ya tattara ta cikin sassa 23. A wajensu dole ne a rama, amma ramuwar ta yi daidai da laifi, a yi ta da hankali, kuma a bi ta mataki-mataki. Kafin a kai ga rai akwai dukiya. Mutum ya wayi gari ya tarar an datse wa shanunsa ko dokinsa agara, ko an yanka masa tumaki an bar su a wurin ba a ɗauki ko ƙafa ɗaya ba, don ya san ba ɓarawo ne ya zo ba. Wannan aikin wuƙa ne, kuma da wuƙar aiki ake yin sa, wato resolza, wadda garin Pattada ya shahara da ƙera ta da ƙotar ƙahon rago. Idan saƙon bai isa ba sai a hau mataki na gaba. Gabar garin Orgosolo tsakanin gidan Cossu da gidan Corraine, wadda rabon gado ya haddasa, ta ɗauki daga 1905 zuwa 1917.

Hukumomi sun fi tsanar wuƙa a kan takobi saboda ɓoyuwa take yi, kuma wannan tsana ce ta sauya wa wuƙaƙe da yawa siffa. Stiletto na Italiya ƙarfensa mai kusurwa uku ne ko huɗu, ba kaifi sai tsini kamar basilla, ko burodi ba ya yankawa, don haka mai shi ba shi da ta cewa idan aka kama shi. Sai mutane suka nemi dabara. Maharban igwa na birnin Benis na Italiya an yarda musu su riƙe wani iri mai lambobi a jiki har zuwa 120, na auna bakin igwa, sai ga wanda bai taɓa kusantar igwa ba yana yawo da mai lambobi. A Jenowa aka riƙa huda kafa a ƙarfen kamar ta allura, idan ɗan doka ya tambaya a ce ta zura igiya ce da ɗinkin kayan doki. A 1908 Italiya ta yi doka a zamanin Firaminista Giolitti: wuƙa mai tsini kada ta wuce santimita 4, marar tsini kuwa an yarda har santimita 10. Maƙera suka datse tsinin, shi ya sa har yau wuƙar garin Guspini ta masu haƙar ma'adinai take da kai a yanke kamar an guntule ta. Navaja, wuƙa mai naɗewa ta Sifen, wadda garin Albacete ya yi suna a kanta, ita tana da makulli mai haƙora da ke ƙara idan ana buɗe ta, kuma akan rubuta mata kirari irin su "idan wannan kububuwa ta sare ka, ba magani a kanti". Amma fagenta faɗan titi ne da fito-na-fito tsakanin mutum biyu, ba gabar dangi ta gado ba.

Inda na fi son ka ga matsayin wuƙa a wajen mutanen nan shi ne Kirit. Tasu miƙaƙƙiya ce mai baki ɗaya, gindin ƙotarta a rabe gida biyu kamar bakin gwafa, ana yin ta da ƙaho ko ƙashi, kuben masu hali na azurfa. A birnin Haniya har yanzu akwai layin maƙeran wuƙa da ake kira Machairadika. A jikin ƙarfen sukan zana mantinada, baiti mai layi biyu, kowane layi gaɓa 15, kuma da yawa daga baitocin na soyayya ne da abota da kewar gida. A da, saurayi idan ya yi baiko yakan ba budurwarsa 'yar ƙaramar wuƙa mai kuben azurfa, ta soke a ɗamararta, duk wanda ya gani a wurin rawa ya san an yi mata miji. Mai baƙar ƙota kuwa ta tsari ce, ana sa ta ƙarƙashin matashi don korar miyagun iskoki, kamar dai yadda iyayenmu mata ke ajiye wuƙa a kan jariri lokacin jego. Mutanen da suka zauna ƙarƙashin Benis, sannan ƙarƙashin Turkawa daga 1669 zuwa 1898, wuƙar ƙugu ita ce shaidar cewa namiji bai zama bawa ba. Abin ado ce, abin aiki, abin alkawari, a ranar tsautsayi kuma abin kisa.

Gaɓar kudu ta Bahar Rum ma haka, suna da nasu wuƙaƙen. Mutanen tsaunukan Kabiliya a Aljeriya suna da wadda ake kira flissa, Maroko tana da koummya mai lanƙwasa, kalmar Larabci khanjar kuwa ta bi Turkawa har ƙasashen Balkan ta zama handžar. Su ma sun san bashin jini, sun kuma san diyya.

Hujjar da ta fi gamsar da ni cewa bindiga ce uwar gaba tana cikin harshen mutanen da al'adunsu na sulhu. A yankin Mani na kudancin Girka, inda dangi ke gina dogayen hasumiyoyin dutse suna harbin juna daga gida zuwa gida, idan aka haifi ɗa namiji cewa ake an samu "bindiga". Gabar ƙauyen Kitta a 1870 sai da sojan gwamnati suka zo da igwa kafin ta mutu. Dokar gargajiya ta Albaniya, Kanun na Lekë Dukagjini, wadda wani limamin Katolika Shtjefën Gjeçovi ya tattara aka buga a 1933, ta tsara yadda mai kisa zai juya gawa ta kalli sama, ya ajiye bindigar mamacin kusa da kansa, ya aika a sanar da danginsa. Sannan a ba shi amana da suke kira besa ta awa 24, har ya halarci jana'izar wanda ya kashe ba mai taɓa shi. A Montenegiro kuwa, ranar sulhu mai kisa rarrafowa yake yi a gaban jama'a, bindigar da ya yi kisan da ita tana rataye a wuyansa, har sai ɗan'uwan mamaci ya cire masa ita ya tashe shi tsaye. Kafin ranar, matan gidan mai laifi sun yi ta zuwa ƙofar gidan mamaci da jarirai a cikin shimfiɗarsu, suna roƙon dangin mamaci su zama iyayen jariran a baftisma, wato wankan shigar da yaro addinin Kirista. Wannan zumunci a wajensu yana da nauyi kamar na shan nono a wajenmu, har aure yana hanawa, kuma wanda ya zama uban ɗanka ta wannan hanya ba ka ɗaga masa makami. A Kirit irin wannan sulhu sunansa sasmos, a Kosika masu shiga tsakani su ne paceri. A Kosobo, a 1990, wani dattijo malamin adabin gargajiya, Anton Çetta, ya jagoranci ɗalibai da malaman addini suna bin gida-gida, aka yafe jini a gaba wajen dubu, ana shelanta yafiyar a gaban dubban mutane.

Ka lura abin ba na addini ɗaya ba ne. Mutanen Kosika da Sadiniya Katolika ne, na Kirit da Montenegiro Otodoks, a Albaniya Musulmi da Kirista duk Kanun ɗaya suke bi. Abin da ya haɗa su tsaunuka ne, kiwo, ƙarancin ƙasar noma, da hukuma ta baƙi wadda ba ta zuwa sai karɓar haraji. Akwai masu cewa gaba ita ce shari'ar wanda ba shi da shari'a, tana hana mai ƙarfi taka marar ƙarfi don ya san akwai dangi a bayansa. Akwai gaskiya a ciki, amma ni ba na yarda a yi mata kwalliya. A aikace ba mai laifi kaɗai ake nema ba, duk namijin da ke gidan abin hari ne, kuma akan zaɓi wanda rashinsa zai fi ciwo. A arewacin Albaniya, bayan faɗuwar gwamnatin kwaminis a 1991, an sake ganin yara maza a kulle a gida shekara da shekaru, ba makaranta, saboda kisan da kawunsu ya yi. Nan ne ƙisasi ya rabu da gaba: a ƙisasi hukuma ce ke yankewa, mai kisan kaɗai ake kamawa, ga ƙofar diyya da afuwa a buɗe, kuma aya ta 33 a Suratul Isra'i ta hana waliyyin mamaci wuce iyaka wajen kisa. A Hajjin Bankwana Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya soke jinin jahiliyya gaba ɗaya, ya kuma fara da jinin gidansu, na ɗan Rabi'a bin Haris.

Mu koma kan tsarabarka. Duba gindin ƙarfen, daf da ƙota, inda maƙera ke buga tambarinsu. Idan ka ga sunan Thiers ko tambarin wani maƙeri da kalmar France, ka san inda ta fito. Tsofaffin, na ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, ƙarfensu yana tsatsa yana yin duhu, zanen ƙotar da tawada aka yi shi da hannu, za ka ga furannin ba su yi daidai da juna ba, kuma masu tara kayan tarihi suna sayensu da daraja. Sababbin ƙarfensu ba ya tsatsa, sau da yawa da hoton kan baƙin mutum mai farin ƙyalle a goshi, wanda shi ne tambarin tutar Kosika. Ko wacce ce, ƙashi da ƙaho ba sa shiri da hunturunmu, tsagewa suke yi. Ka riƙa shafa wa ƙotar ɗan man kaɗanya idan iska ta fara bushewa, ka ɗiga mai kaɗan a mahaɗar, kada ka bar ta a rana ko cikin mota, kuma ka ajiye ta inda hannun yara ba zai kai ba.